Takardar da Ta Fitar da Yaya Zuwaira

Banikanni, Parakou,
Talata, 20 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga yayana, wanda ya zame mana uba bayan Baba, Alhaji Dalhatu Muhammad Amin, a Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin lafiya, kai da Anti Zinatu da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka sauƙin kunnen nan da ciwon gwiwa, ya sa kaffara ne, ya ba ka tsawon rai mai amfani. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta sauka, hanyar gidanmu ta koma taɓo kamar kullum, har masu babur suna ƙin shigowa. Maigidan ya samu sauƙin hawan jinin, amma har yanzu yana satar gishiri a bayan idona. A Djougou kuma matar ƙaninmu Abubakar Sadiƙ, wato Latifa, ta aurar da ƙanwarta bara, ƙanwar ce ta haihu kwanan baya, namiji, an sa masa Djibril.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna bayan shekarun nan da muke gaisawa ta waya. Dalili biyu ne. Na farko, maganar da zan yi ba wadda zan tsaya ina ɗaga murya ina maimaitawa ba ce saboda kunnenka, mutanen gida suna ji. Na biyu, na yi alkawari ba zan ƙara saka sirrin gidanmu a cikin waya ba har in mutu. Shi ya sa na ba Labaran ɗan maƙwabcinmu, da yake zai zo wajenku da kaya, na ce ya danƙa maka hannu da hannu. Yaya, na yi ɓarna, kuma na rasa yadda zan gyara ta.

Ka san rigimar katangar nan ta gidanmu na Djougou, da maƙwabcin da ya ci mana taku biyu ta wajen rijiya. Da Sadiƙ ya je neman shawara, aka ce masa ba wanda zai saurare shi sai ya zo da takardar taron dangi, wadda ta lissafa magadan Baba, ta kuma faɗi wanda muka wakilta ya tsaya wa gidan. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba ba mu taɓa yin wannan ba, tunda ba mu raba komai ba, kuma ba mu da niyyar rabawa. To ka san 'yarka Kamila ta wajena, tun da ta gama karatun shari'a take aiki a ofishin wani lauya a unguwar Titirou, nan Parakou. Kullum ta dawo gida sai ƙorafi, wai zawarawa da marayu suna cika musu benci saboda irin wannan takarda, mutum ya yi zuwa biyar, yau an manta sunan wani, gobe ba a sanar da wani ba. Ta ce ita za ta kawo ƙarshen wannan wahala.

Ni dai na ɗauka magana ce irin ta masu sabon karatu. Ashe akwai wasu shafuka a intanet da mutum ke haɗa manhajarsa ba tare da ya koyi rubutun masu kwamfuta ba ko kaɗan. Na gani da idona. Ta zauna a tsakar gida da kwamfuta a cinya, ta jawo wannan akwati ta ajiye, ta jawo wancan ta ɗora a ƙarƙashinsa, ta ja zare tsakaninsu, kamar mai jera kwanuka a ɗakin amarya. Wannan akwatin yana tambayar sunan mamaci, wancan yana tambayar 'ya'ya da lambar wayarsu, wani yana rubuta takardar da Faransanci irin na kotu, na ƙarshe kuma yana aika wa kowa sanarwa. Ranar Asabar ta fara, kafin la'asar ɗin Lahadi ta gama. Na yi mata tsiya na ce ni ko dakan yaji ba na gamawa da wannan sauri, ta yi dariya ta ce ai amfanin abin ke nan, idan an yi kuskure a gyara a minti goma. Wallahi na ji daɗi, na yi alfahari da ita, har na kira yayarmu, Yaya Zuwaira, a Djougou na ba ta labari, ta yi ta sa mata albarka.

Akwai wani gurbi da Kamila ta fi jin daɗinsa. Ta ce takardun Turawa ba su san gidajenmu ba, ba su san ana ba da yaro riƙo ya tashi a hannun goggonsa ko kawunsa ba, kuma rabin rigimar da ke zuwa ofishinsu daga nan take tasowa. Don haka a gaban sunan kowane ɗa ta sa tambaya, ɗan ciki ne ko ɗan riƙo. Ta yi wannan ne don ta san mutanenta, ba don mugunta ba, kuma ina so ka riƙe wannan kafin ka yi fushi da ita.

Ranar Litinin da safe za ta fita, ta turo mini abin a waya, ta ce in gwada mata da sunayen gidanmu, tunda dama muna bukatar takardar, kuma in har ni da na tsaya a aji shida na iya cikewa, to kowa zai iya. Ta ce gwaji ne, ita kaɗai za ta gani. Ina zaune a shago wajen hantsi, babu masu ciniki, na sa tabarau na fara. Na rubuta sunan Baba, na rubuta naka, na Yaya Zuwaira, nawa, na Sadiƙ, kowa da lambarsa. Na zo kan tambayar nan a gaban sunan Yaya Zuwaira, sai yatsana ya tsaya.

Yaya, ba mu taɓa yin wannan magana da kai ba, amma na san ka sani, kuma ina jin ka san na sani. Kwana uku kafin Inna Ruƙayya ta cika, ta sa na rufe ƙofa, ta gaya mini. Ta ce cikin da ta je haihuwa ƙauye wajen kakarmu saboda rashin lafiya, jaririyar ba ta yi kwana bakwai ba. Tana cikin wankan jego, nono yana zuba, sai ga Baba ya sauka daga motar goro da jaririya naɗe a cikin mayafi, uwarta ta rasu a masauki a kan hanya. Inna ta karɓe ta ta sa mata nono, da ta gama wanka ta dawo Djougou da goyo, ba wanda ya tambayi komai, don da ciki ta tafi. Ta ce kai kaɗai ne yaron da aka tafi da shi, kana da shekara goma sha ɗaya, kuma Baba ya sa ka dafa Alƙur'ani. Na tambaye ta ko su waye iyayen, ta ce numfashinta ba zai kai ba, in bukata ta taso in tambaye ka. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wannan, ko maigidana bai sani ba.

To me ya kai yatsana? Na yi wa kaina wannan tambaya har na gaji. A saman fom ɗin an rubuta cewa mai cikewa ya rantse gaskiya zai faɗa, kuma gado iyakar Allah ce, na ji tsoro. Na kuma ce a raina gara Kamila ta sani, tunda ita ce mai ilimin, ta gaya mini yadda za a rubuta maganar Baba cewa ɗakin kudu na Zuwaira ne muddin ranta. Waɗannan su ne dalilan da nake faɗa wa mutane. Amma kai ba zan ɓoye maka ba, akwai na uku, ɗan ƙarami, wanda nake jin kunyarsa. Ka tuna Inna ba ta taɓa dukan Yaya Zuwaira ba, ni kuwa ko tulu na fasa sai na sha. Ka tuna wa aka ba warwaron azurfa. Ban san wannan abu yana nan kwance a zuciyata ba, ina da jikoki, sai da na ga yatsana ya taɓa riƙo. Na danna kammalawa, na ajiye wayar, na tashi auna wa wata mata yadi.

Abin da ban sani ba, kuma Kamila ta manta, shi ne da yammacin Lahadi ta haɗa akwatin nan mai aika sanarwa don ta nuna wa lauyan yadda yake aiki, ba ta cire zaren ba. Kafin in ninke yadin nan saƙo ya shiga wayar duk wanda na rubuta lambarsa. Kai ma ya zo maka, na san ba ka buɗe ba tunda ba ka duba rubutu a waya, kuma ina roƙonka kada ka ba wani ya karanta maka. Mu uku an ce mana ana gayyatarmu taro a matsayin magada. Ita kuwa nata daban ne, da lafazi mai ladabi, wai ana sanar da Madam Zuwaira cewa da yake 'yar riƙo ce ba ta cikin magadan marigayi, amma tana iya halartar taron a matsayin shaida.

Ranar ce jajiberin sunan Djibril. Mata sun cika tsakar gidanmu na Djougou ana feren doya, Yaya Zuwaira ce a kan tukunya kamar yadda ta saba a kowace hidima. Wayarta ta yi ƙara, ta ga Faransanci, ta ga sunan Kamila a sama, ta miƙa wa Latifa da murna ta ce ta karanta wa kowa ya ji aikin 'yarta. Latifa malamar makaranta ce, ta saba karantawa tana fassarawa a tafe, layi bi layi, da ƙarfi. Ta ce mini sai da kalmar ta fita daga bakinta sannan kunnenta ya ji abin da ta faɗa. Mata kusan ashirin ne a wurin. Ta ce Yaya Zuwaira ta karɓi wayarta ta ɗaure a bakin zane, ta gama tuƙin da take yi, ta kwashe, ta raba wa kowa, sannan ta shiga ɗaki.

Sadiƙ ya kira ni yana ta faɗa, har ya ce mini abin da bai taɓa ce mini ba, ban ko iya ramawa ba, ni da ka sani da baki. Washegari da sassafe na hau motar Djougou. Duk tsawon hanyar nan ina shirya ƙaryar da zan yi, cewa na'ura ce ta ruɗe. Da na shiga gida na tarar ƙofar ɗakin kudu a rufe, an share gabanta tas, makullin yana rataye a ƙusar da Baba ke rataye carbinsa. Ta kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin nan na kusa da zaure, inda ake jibge huhunan goro a da, wanda ko taga ba shi da ita. Ta fito ta tarbe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ta durƙusa ta ba ni. Matar da ta goya ni, wadda tun ina yarinya ba ta kira ni da komai ba sai Ada mai bakin tsiya, ranar da Hajiya ta kira ni. Da ta zage ni ko ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Na yi ƙaryar. Na ce kuskuren na'ura ne, Kamila za ta gyara. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce to in ce wallahi. Yaya, na kasa rantsewa. Na zauna ina kallon kofin nan, hawaye suna zuba, ita ce ma ta ce in yi haƙuri. Ta ce dama tun tana yarinya akwai wani kallo da Inna ke yi mata idan ta yi zazzaɓi, wanda ba ta yi wa sauranmu, kallon mai riƙe da kayan wani, amma ba ta taɓa barin zuciyarta ta bi wannan tunani ba. Na ce mata ɗakin nata ne, Baba ya faɗa a gaban mutane, Sadiƙ ya rantse ba mai taɓa shi, kuma har malamin unguwa ya zo ya gaya mata nonon da ta sha ya mai da ita 'yar'uwarmu ta har abada. Ta ce ta gode, ita ba ɗaki ne ya dame ta ba.

Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce shekara sittin da ɗaya tana duniya, duk bayan salla tana kiran sunan Inna da Baba tana nema musu gafara, duk Juma'a tana yi musu sadakar ƙosai. Ashe akwai wata mata da ta mutu a ɗakin baƙi a kan hanyar goro, wadda ta haife ta, ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ambaci sunanta ko sau ɗaya. Ta ce in gaya mata sunan matar nan, shi ke nan. Na ce ban sani ba. Ta dube ni, na ga ba ta yarda ba, kuma ba ni da bakin da zan sa ta yarda, tunda yanzu na gama yi mata ƙarya. Kwana uku na yi a Djougou, kullum ita ke kawo mini abinci, ta ajiye ta koma ɗakin goro ta ci nata ita kaɗai.

Kamila kuwa ta rame, tuwo ma sai na tsaya a kanta. A ranar da abin ya faru ta gyara manhajar, kuma gaskiyarta, bai kai minti goma ba. Yanzu ba abin da ke fita sai lauya ya duba ya danna da hannunsa, ta ƙara gurbin wasiyyar baki, ta cire lafazin shaidar nan. Ta kuma ce mini abin da ya ƙara kashe mini jiki, wai takardar haihuwar da Baba ya yi wa Yaya Zuwaira a kotu tun tana yarinya sunansa ne a kai, da na yi shiru ba wata hukuma da za ta taɓa tambaya. Ta fitar da sabuwar takarda mai sunayenmu huɗu a jere, ta hau mota ta kai da kanta, ta durƙusa tana kuka. Yaya Zuwaira ta ɗaga ta, ta share mata fuska, ta ce ba laifinta ba ne, Allah ya yi wa aikinta albarka, amma ta ƙi bari a karanta mata takardar. Ta ce an riga an karanta mata ɗaya, ta ishe ta.

Na so in tsani abin nan, in ce a rufe shi, amma ko wannan ban samu ba. Saratou maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu bara aka yi ta yawo da ita, da manhajar aka gama mata takardarta a zama ɗaya, ta zo har gida da kaza tana godiya. Na karɓi kazar ina murmushi, na shiga ɗaki na yi kuka. Lauyan ma ya hana Kamila ajiye aiki, ya ce gidaje da yawa suna jira. To wa zan kama? Yarinyar da ta so taimakon mutane, ko Latifa da aka ce ta karanta, ko Inna da Baba da suka rufa wa marainiya asiri? Duk inda na juya yatsana nake gani. Na yi azumi, na yi sadaka, na tura wa Yaya Zuwaira atamfa ta dawo da ita a ninke da godiya. Na rasa abin yi, Yaya, wallahi na rasa.

Don haka na zo gare ka. Na san ka dafa Alƙur'ani, amma abin da aka sa ka rufe ya riga ya buɗe, ba ta hannunka ba, kuma ka tambayi malamai a can su gaya maka abin da ya hau kanka. Idan ka ji sunan matar nan a wancan lokaci, ko garinsu, ko sunan mijinta, ko masaukin da ta rasu, ka rubuta da hannunka a takarda, ka liƙe, ka ba Labaran, zai dawo bayan Babbar Salla. Ita za ka rubuta wa, ba ni ba, don maganata ba ta da nauyi a wurinta yanzu. Ina tsoron ka ce mini yaro ne kai a lokacin, ba ka riƙe ba. Idan haka ne, ka faɗa mata gaskiya kada ka ƙirƙiro suna, ko da yake Allah ya gafarta mini, akwai ranakun da nake fatan ka ƙirƙiro. Maganar katanga kuwa mun ajiye, ba wanda ke da zuciyar zama taron dangi, maƙwabcin har ya yi wa tasa fenti.

Ka gaishe mini da Anti Zinatu, ka ce turaren da ta aiko ya iso. Ka gaishe da Adnan da matarsa da yaransu, da Zailani, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa. Maigidan yana gaishe ka. Sadiƙ da Latifa suna gaisuwa, duk da shi har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kamila ta ce in roƙi Kawu ya yafe mata.

Ka san duk saƙon da na taɓa aika maka, gaisuwar Yaya Zuwaira ce nake sawa a gaba ba tare da na tambaye ta ba. Wannan karon sai da na kira ta jiya na ce zan rubuto maka, ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe mata da Alhaji Dalhatu da kyau, in kuma tambaye shi ko ya yarda ta ci gaba da ce masa Yaya.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka mai neman gafararka,
Adawiyya Muhammad Amin.